DA TSOHUWAR ZUMA AKE MAGANI: SABUNTA BIOS KAFIN A SAUYA FUROSESA

Jawabin da wakilin Kwamitin Ɗakin Kwamfuta ya gabatar a babban taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai, a babban zauren makaranta.



Kafin in ce komai, ina neman afuwar malamaina. Ba ƙaramin nauyi ba ne mutum ya tsaya yana bayani a gaban waɗanda suka koya masa riƙe biro, balle ma ga Malaminmu na Fizik can a sahun gaba ya zuba mini ido, kamar yadda yake yi a da idan ya kira ni gaban allo ban yi aikin gida ba. Allah ya gafarta Malam, in na yi kuskure a gyara mini, amma don Allah ban da bulala, domin yanzu ina da iyali.

Dalilin tsayuwata shi ne, a taron bara kun yanke shawarar a tara kuɗi domin gyara ɗakin kwamfuta na makarantar nan, kuka kuma ɗora mini alhakin in duba abin da ke ciki in kawo rahoto, saboda sana'ata ce. Kuɗin nan guminku ne. Akwai wanda ya ba da daga albashinsa, akwai wanda ya sayar da buhun masara, akwai 'yar'uwarmu da ta aiko da nata daga kuɗin adashi. Saboda haka ya zama wajibi kowa ya fahimci abin da za a yi da su, ko da kuwa bai taɓa buɗe cikin kwamfuta ba.

Waɗanda muka yi zamani ɗaya za ku tuna kwamfuta ta farko da aka kawo makarantar nan. An lulluɓe ta da ƙyalle a ofis, ba a shiga wurinta da takalmi, mu kuwa iyakacinmu leƙe ta taga. Yau ƙannenmu da 'ya'yanmu ba su da zaɓi irin namu. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, don haka yaron da hannunsa bai saba da kibod ba yana iya sanin amsa, lokaci ya ƙare masa yana neman inda harafi yake.

ABIN DA NA TARAR

Kwamfutocin da na tarar iri biyu ne. Kashi na farko na gwanjo ne, irin waɗanda ofisoshin ƙasashen waje suka gama amfani da su, suna ɗauke da furosesar kamfanin Intel zubi na 6. Kashi na biyu, kuma su ne suka fi yawa, waɗanda wasu 'yan'uwanmu suka sa aka harhaɗa ne suka ba da gudummawa. Suna ɗauke da furosesar kamfanin AMD mai suna Ryzen 3 2200G, wadda ta fito a 2018, a kan allo mai cifset A320.

Dukkansu suna aiki da Windows 10, kuma ranar 14 ga Oktoba 2025 ce ranar da kamfanin Microsoft ya yanke ta daina ba Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum. Magajinsa, Windows 11, wanda ya fito a Oktoba 2021, yana da sharuɗɗa. Yana bukatar wani ma'ajin makullan sirri da ake kira TPM 2.0, kuma yana da jerin furosesocin da ya amince da su. A ɓangaren Intel jerin ya fi farawa ne daga zubi na 8, a ɓangaren AMD kuwa tamu 2200G ba ta ciki.

To, ko dai mu zubar mu sayi sababbi, abin da kuɗinmu ba zai kai ko'ina ba, ko kuwa mu bar akwati da allo da ram da faifan ajiya da sikirin yadda suke, mu sauya furosesa kaɗai. Shawarata ita ce ta biyu. Sai dai akwai wani mataki guda wanda in aka tsallake shi, za mu sayo kaya masu kyau mu saka, kwamfutocin su ƙi tashi, a fara kallon ma'ajin kuɗi da idon zargi alhali ba laifinsa ba ne. Wannan mataki shi ne sabunta BIOS.

MENE NE BIOS?

A cikin kowace kwamfutar tebur akwai wani babban allo, wanda masu gyara suke kira madabod. Duk sauran kayan a jikinsa suke laƙe. A tsakiyarsa akwai gurbi, wato soket, inda furosesa take zama, ita ce mai yin lissafi da zartar da umarni. A wani lungu kuma akwai wani ɗan mitsitsin cif, sau da yawa mai ƙafa 8, wanda bai kai girman farce ba. A cikinsa aka rubuta karatun farko da kwamfuta take yi da zarar an kunna ta, tun kafin ta san akwai wani abu wai shi Windows. Wannan karatu shi ne BIOS.

Sunan ya tsufa. Wani Ba'amurke mai suna Gary Kildall ne ya fara amfani da shi a 1975 cikin manhajarsa ta CP/M, sa'an nan kamfanin IBM ya saka shi a kwamfutarsa ta 1981, daga nan ya bazu. Na zamanin yanzu sunansa na gaskiya UEFI, tsarin da kamfanoni suka kafa wa majalisa a 2005, amma a bakin masu gyara da masu sayarwa BIOS ne har gobe, ni ma haka zan ci gaba da kiransa.

Aikinsa ya yi kama da na malamin da ke kan aiki ranar Litinin da safe. Shi ne farkon isowa, ya buɗe ƙofa, ya ɗauko rajista ya yi kiran suna: furosesa, ram, faifai, kibod. Kowa ya amsa, sai ya miƙa wa Windows ragama ya koma gefe. To, ku ɗauka an kawo sabon ɗalibi mai hazaƙa, da yunifom ɗinsa daidai, kujera ma akwai, amma sunansa ba ya cikin rajista. Malamin nan ba zai san ajin da zai kai shi ba. Haka BIOS yake da furosesar da aka ƙera bayan an rubuta shi. Bai san yawan wutar da zai ba ta ba, bai san yadda zai haɗa ta da ram ba. Abin da za ka gani shi ne fanka tana juyawa, fitila tana ci, sikirin kuwa baƙi ƙirin. Wanda bai sani ba sai ya ce an sayar masa da mushe.

A zamanin da, ba a iya sauya abin da ke cikin cif ɗin nan sai dai a cire shi a sa wani. Daga shekarun 1990 aka koma amfani da irin wanda ake gogewa a sake rubutawa yana nan a jikin allo. Wannan sauƙi ne, amma ya zo da hatsarinsa. A 1998 wani ɗalibi a Taiwan ya rubuta bairos ɗin da ake kira CIH, wanda ya tashi ranar 26 ga Afrilu 1999 ya goge BIOS na ɗimbin kwamfutoci a ƙasashe da dama, suka zama ba su da maraba da akwatin ƙarfe. Abin da bairos ya yi da gangan, ɗauke wuta a tsakiyar aiki yana iya yinsa da tsautsayi, kuma zan dawo kan wannan.

DALILIN DA YA SA MUKA YI SA'A

Kamfanin AMD ya fito da soket mai suna AM4 a 2016, mai ramuka 1,331. A kansa Ryzen 1000 ta fito a 2017, Ryzen 2000 a 2018, Ryzen 3000 a 2019, sa'an nan Ryzen 5000 a Nuwamba 2020. Dukkansu suna shiga gurbi ɗaya. Amma shiga gurbi daban, tashi daban.

A watan Mayu 2020 kamfanin ya sanar cewa sababbin furosesocinsa masu zuwa ba za su yi aiki a kan tsofaffin alluna ba. Hujjarsa ita ce cif ɗin BIOS na yawancin allunan nan megabayit 16 kawai yake ɗauka, rajista ta cika, babu shafin da za a ƙara suna. Jama'a suka yi ca, cikin watan nan ya janye maganar game da alluna masu cifset B450 da X470. A 2022 kuma ya buɗe wa irin namu ƙofa a hukumance, wato A320 da B350 da X370. Yadda aka samo wuri kuwa shi ne, kamfanonin da ke ƙera alluna suka riƙa goge sunayen wasu tsofaffin furosesoci daga rajista domin a rubuta sababbi. Ku riƙe wannan batu, domin shi ne tushen gargaɗina na biyu.

Wadda nake ba da shawarar a saya ita ce Ryzen 5 5600G, wadda ta shiga kasuwa a 2021. Tana da cibiya 6 a maimakon 4 na wadda muke da ita, an kuma ƙiyasta zafinta a wat 65 daidai da tsohuwar, saboda haka ƙananan allunanmu da tukunyar wutarsu za su iya ɗaukarta. Ina roƙon sakataren kuɗi ya ja layi a ƙarƙashin harafin G ɗin nan. Shi ne alamar cewa furosesar tana da sashen nuna hoto a cikinta. Akwai 'yar'uwarta 5600 maras G, wadda ba ta nuna hoto sai an saya mata kati na daban. Harafi ɗaya in ya faɗi a takardar oda, mun sayo wa kanmu sabon kashe kuɗi.

Su kuwa na gwanjo, gaskiya ba su da wannan hanya. Furosesocin Intel zubi na 6 da na 7 da na 8 duk soket ɗinsu ƙafa 1,151 ne, amma zubi na 8, wanda ya fito a Oktoba 2017, an sauya masa tsarin wuta, sai da sabon allo yake aiki. Babu wani BIOS na hukuma da zai sa tsohon allo ya karɓe shi. Duk wanda ya ce zai yi mana wannan, mu yi masa godiya mu riƙe kuɗinmu. Shawarata a kansu ita ce a cire su daga intanet, a bar wa 'yan aji ɗaya su koyi buga rubutu, aikin da za su yi shekaru suna yi.

ABIN DA YA SAME NI

'Yan'uwa, abin da zan faɗa yanzu ba a littafi na karanta ba. Shekarun baya, ina sabon buɗe shago, na so in ƙara wa kwamfutar da nake aiki da ita ƙarfi. Kuɗina bai cika ba, sai na yi dabarar da nake gani ta masu wayo ce: na cire tsohuwar furosesa na sayar, na cika na sayo sabuwa. Na dawo da murna na saka, na danna, fanka ta juya, sikirin ya yi shiru. Na cire na mayar ya fi sau biyar. Na koma wurin mai kaya da faɗa, ya saka ta a allonsa a gabana, ta tashi garau. Ya dube ni ya ce, "Maigida, ka sabunta BIOS kuwa?" Kunya ta rufe ni. Allona ba shi da hanyar sabuntawa sai da furosesar da ya sani, ni kuwa na sayar da ita da hannuna. Kwana uku na yi ina yawon neman aro, aikin mutane yana jibge a shago.

Ba ni kaɗai na taɓa faɗawa wannan rami ba. A 2018, lokacin da irin furosesar da ke ɗakinmu ta fito, mutane da yawa sun sayi sabon allo mai tsohon BIOS tare da ita, har sai da kamfanin AMD ya riƙa aika musu aron wata ƙaramar furosesa ta gidan waya, su sabunta su mayar. Mu nan babu mai aiko mana aro. Tsohuwarmu ita ce makullinmu, da tsohuwar zuma ake magani.

Da na samo aron, sai gaggawa ta sa na yi kuskure na biyu. Na fara aikin da wutar gari kai tsaye, ba batir ba komai. Layin da ke nuna ci gaba ya wuce rabi, aka ɗauke wuta. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san cewa sai an wanke tsohon rubutu ake ɗora sabo. Haka cif ɗin nan yake yi, yana gogewa yana rubutawa. Ni an tsayar da ni an wanke ba a gama rubutu ba, tsohon ya tafi, sabon bai cika ba. Ƙarshenta sai da na kai allon wurin wani mai gyara da ke da 'yar na'urar da ake maƙala wa cif a rubuta masa daga waje. Ya ceto shi, amma ribar da na yi zaton na ci a cinikin farko a nan ta tafi, har da ƙari. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, ka san abin da za ka shafa wa naka.

YADDA ZA A YI AIKIN

Ga tsarin da nake so kwamiti ya amince da shi, ko ni zan yi aikin ko wani.

Da farko, a san allon da idon basira. A buɗe akwati a karanta sunan kamfani da lambar allo da ke rubuce a jikinsa, har da lambar bugu, domin wasu kamfanoni suna fitar da allo mai suna ɗaya bugu biyu ko uku, kowanne da BIOS ɗinsa. A cikin Windows, in aka rubuta msinfo32 za a ga sunan allo da lambar BIOS da ke kai yanzu. A rubuta na kowace kwamfuta a takarda, kada a ɗauka cewa tunda akwatinsu iri ɗaya ne cikinsu ma ɗaya ne.

Na biyu, a je shafin kamfanin da ya ƙera allon, a duba jerin furosesocin da allon yake karɓa. A gaban kowace an rubuta lambar BIOS mafi ƙanƙanta da take bukata. In sunan 5600G ba ya cikin jerin wani allo, to ba za a saya masa ba. Wannan dubawa kafin a fitar da ko kwabo za a yi ta.

Na uku, a karanta ɗan bayanin da ke gefen kowane BIOS. Wasu alluna ba a tsallakawa daga tsoho ƙwarai zuwa na ƙarshe kai tsaye, sai an taka wani na tsakiya, kamar yadda ba a ɗaukar yaro daga aji ɗaya a dire shi aji shida. A nan ne kuma za a ga gargaɗin da na ce ku riƙe: wani sabon BIOS ɗin, da zarar ya hau, yana iya mance tsohuwar furosesa, wani kuma ba ya yarda a koma baya. Saboda haka kada a sabunta sai sabuwa tana hannu, kada kuma a cire tsohuwa sai an gama sabuntawa. Dukkansu biyu su kasance a ɗaki ɗaya a rana ɗaya. In za ku mance duk abin da na faɗa yau, kada ku mance wannan.

Na huɗu, daga shafin kamfanin kaɗai za a sauke fayil ɗin. Kada a karɓi wanda wani ya turo ta waya, ko wanda aka ce na wani allo ne mai kama da namu. A zuba shi a filash mai lafiya wanda aka tsara a kan FAT32.

Na biyar, a kwashe muhimman takardun makaranta zuwa wani wuri, musamman sakamakon jarrabawa. In akwai kwamfutar da aka kulle faifanta da BitLocker, a dakatar da kullen tukuna, a kuma rubuta makullin ceto mai lamba 48 a ajiye a ofishin Shugaban Makaranta. Dalili kuwa, a irin kwamfutocinmu ma'ajin TPM a cikin furosesa yake, in an sauya ta ko an sabunta BIOS, faifan yana iya ƙin buɗewa sai an kawo makullin. In babu shi, ko kamfanin da ya yi manhajar ba zai iya buɗe maka ba.

Na shida, wuta. A jona kwamfutar a UPS mai cikakken caji, ko a inbata. In janareto ne, a duba mai, a kashe sauran kayan da ke jan wuta, a kuma sa mutum ɗaya ya tsaya kusa da shi ya hana kowa taɓawa. Kada a yi aikin lokacin da hadari ya haɗo. Aikin 'yan mintoci ne, amma su ne mintocin da allo ba shi da mai ceto.

Na bakwai, a kunna kwamfuta ana danna Del ko F2 har a shiga cikin BIOS, a nemi kayan sabuntawa da ke ciki. Kowane kamfani da sunan da ya ba shi: ASUS suna cewa EZ Flash, Gigabyte Q-Flash, MSI M-Flash, ASRock kuma Instant Flash. A zaɓi fayil, a amince, sa'an nan a naɗe hannu. Kwamfutar tana iya mutuwa ta tashi da kanta sau biyu ko uku, sikirin yana iya yin duhu na ɗan lokaci. Kada a danna komai, kada a zare filash. In ta kammala, a sake shiga a tabbatar sabuwar lamba ta bayyana.

Wasu alluna masu tsada suna da wani maɓalli a bayansu wanda ke sabunta BIOS daga filash ko da babu furosesa a kai. Irin namu masu araha galibi ba su da shi, shi ya sa nake nanata batun tsohuwa.

Na takwas, sai a zo sauyi. A bar kwamfutar ta ɗan yi aiki ta ɗumama, sa'an nan a kashe a zare waya daga bango. Mai aikin ya taɓa ƙarfen akwati domin wutar jikinsa ta fita. A kwance fankar sanyaya, a ɗan murza ta hagu da dama kafin a ɗaga, domin man da ke tsakaninsu in ya bushe yakan manne, fanka ta fizgo furosesa daga gurbinta ta lanƙwasa mata ƙafafu. A ɗaga ɗan hannun soket, a cire tsohuwa, a daidaita alamar kusurwa mai ruwan zinari ta sabuwa da alamar da ke jikin soket. In ta yi daidai da kanta za ta zauna. In sai an danna, to ba daidai take ba. A goge tsohon mai, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a mayar da fanka, kada a mance jona wayarta.

Tashin farko yakan ɗauki lokaci fiye da yadda aka saba, domin allo yana gwada sabuwar da ram. A yi haƙuri. In ta ƙi, a zare wuta a cire ɗan batirin nan mai kama da kwabo, CR2032, na 'yan mintoci a mayar, domin saiti ya koma na asali. Bayan ta tashi a gyara agogo da kwanan wata, a duba faifan da za ta fara karantawa, a kunna TPM wanda a allunan AMD ake rubuta shi fTPM, sa'an nan a je ga Windows 11.

ABIN DA NAKE ROƘO

Ranka ya daɗe Shugaba, ina roƙon taro ya amince da abu huɗu. A sayi furosesa ɗaya tak a gwada a kan kwamfuta ɗaya, ta yi mako guda yara suna aiki da ita, sa'an nan a sayi saura. A fara sayen UPS mai kyau kafin komai, domin bayan wannan aiki ma zai ci gaba da amfani. Kada a sayar da tsofaffin furosesoci sai an gama duka, a kuma bar guda biyu a ajiye a kabad don gaba. Na ƙarshe, wanda ya fi kwanta mini a rai, a yi aikin a gaban Malamin kwamfuta da ɗaliban manyan aji, su riƙe sukurdireba da hannunsu. Yaron da ya ga yadda ake yi sau ɗaya ya samu abin da zai iya cin abinci da shi, makaranta kuma ta huta da jiran wani ya zo daga birni.

Akwai wanda ya tambaye ni a waje ko ya kamata ya je gida ya sabunta BIOS na kwamfutarsa tunda ya ji ana yi. Amsata ita ce, sai da dalili. Sauya furosesa dalili ne. Gyaran wata matsala da kamfani ya sanar ma dalili ne, kamar yadda ya faru a 2024 lokacin da Intel ya fitar da gyara ta hanyar BIOS ga wasu furosesocinsa zubi na 13 da na 14 da wuta take yi wa yawa. In kuwa kwamfutarka lafiya take kuma ba ka da irin wannan dalili, babu gaggawa. Masu laftof kuma su sani cewa yawancin na yanzu furosesarsu a narke take da allo, ba a cire ta.

Daga ƙarshe, ina godiya ga Malam Shugaban Makaranta da ya ba ni makullin ɗakin har kwana biyu, da maigadin da ya haƙura da ni har dare, da 'yan kwamiti. Ina kuma godiya ga iyayenmu malamai. Malaminmu na Fizik ya sha gaya mana a ɗakin gwaji cewa a karanta umarni har ƙarshe kafin a taɓa waya. Da na ji maganarsa, da ban yi yawon kwana uku ina neman aro ba. Malam, yau na ji.

Takardar da na rubuta sunan kowane allo da lambar BIOS ɗinsa tana hannun Sakatare, duk mai son dubawa ya same shi bayan an tashi. Waɗanda suka rasu daga cikin malamanmu da abokan karatunmu, Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka zo daga nesa, Allah ya mayar da kowa gida lafiya.